Yadda Ake Ƙara Sabon Umarnin Maimaitawa a Yaren Kwamfuta

Kwamfuta ba ta gajiya da maimaita aiki, amma sai an nuna mata inda za ta fara da inda za ta tsaya. Umarnin da ke yin haka shi ake kira zagaye, kuma tun zamanin yaren Fortran na 1957 ake amfani da shi. Duk da haka, har yau ana ƙara sababbi, kuma kowane sai ya bi matakai.

Mataki na farko shi ne tabbatar da buƙata. A ce ɗalibi a Kankiya ya rubuta manhajar tara nauyin buhunan gero 20 na wata ƙungiyar manoma. A tsohon salo, sai ya kafa lambar ƙirga, ya tashi daga 0 ya tsaya a 19, domin yaruka irin su Java daga sifili suke fara lissafi. Idan ya zarce zuwa 20, manhajar za ta nemi buhun da babu shi, ta tsaya cak. Wannan kuskuren ya daɗe yana addabar masu rubuta manhaja. A 2004 Java ta kawo zagayen da ke cewa kawai: ɗauki kowane buhu a jeri, yi masa kaza. C++ ta bi sahu a 2011, JavaScript a 2015.

Na biyu, a zaɓi yadda za a rubuta sabon umarnin. A nan ake taka-tsantsan, domin duk kalmar da aka keɓe wa yaren ta haramta ke nan ga kowa ya sa ta a matsayin suna. Masu Java sun guje wa keɓe kalmar "in" saboda tsofaffin manhajoji na amfani da ita, sai suka sa ɗigo biyu a madadinta. Da haka babu tsohon aikin da ya lalace.

Na uku, a fayyace ma'anarsa. Galibi ba a taɓa can cikin injin. Ana koya wa mafassarin yaren ne, wato manhajar da ke fassara wa injin abin da aka rubuta, ya mayar da sabon rubutun zuwa tsohon zagaye, shi ya riƙe ƙirgar da kansa.

Na huɗu, a amsa tambayoyi masu wuya tun kafin a saki. Idan jerin fanko ne fa? Idan aka cire abu ana tsakiyar zagayawa fa? Sakaci a nan yana da tsada: sai a 2024 yaren Go ya gyara yadda zagayensa ke riƙe abin ƙirga, bayan shekaru yana jefa mutane cikin kuskure.

Na ƙarshe, a kai shawarar gaban jama'ar yaren, kuma ba kowace ke tsallakewa ba. A 2003 an nemi a ƙara wa Python zagayen da ke fara aiki kafin ya duba sharaɗi. Bayan shekara goma Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro yaren, ya ƙi amincewa, domin abin da ke akwai ya wadatar.

Wannan ƙin ma hikima ce. Duk umarnin da aka ƙara nauyi ne a kan kowane mai koyo, don haka sai wanda ke kawar da kuskure na gaske ya cancanci shiga. Ɗalibanmu na Dutsin-Ma da Katsina su fara ƙwarewa a tsohon zagaye, su rubuta shi da hannunsu, sannan sabon zai zame musu sauƙi tunda sun san tushensa.