Digirin da ke koyar da kallon matsala dukkanta

A shekarun 1950, a jami'ar MIT ta Amurka, injiniya Jay Forrester ya fara amfani da kwamfuta wajen bin diddigin yadda mataki guda kan zagayo ya shafi wanda ya ɗauke shi. Wannan aiki na cikin tushen fannin nazarin tsari. A 1972 Donella Meadows da abokan aikinta suka auna makomar albarkatun duniya da wannan dabara a littafinsu The Limits to Growth. Yau ana yin digiri na biyu a fannin, har Open University ta Birtaniya tana koyar da shi daga nesa.

Ɗalibi yakan zana taswirar duk abin da ke taɓa matsala, ya nemo inda ɗan gyara zai yi babban tasiri, sannan ya tsara mafita tare da mutanen da abin ya shafa, a gwada ta kaɗan kafin a faɗaɗa.

Mu ma muna da darasin a gida. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992. Noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, ba a musu. Amma ambaliyar damina da ke shayar da fadamar Haɗeja da Nguru ta ragu, ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba ciyawar kacalla damar toshe magudanai. Masunta, makiyaya da manoman shinkafa na can ƙasa su suka ji jiki. A ganina, da an zauna da su tun ana zana aikin, da an tsara sakin ruwan daban.