Boga Mai Cuku a Na'urar Suya da Iska: Abin da Matasan Kankiya da Kusada Za Su Duba Kafin Su Jona Ta a Wuta

Bidiyon ba ya wuce daƙiƙa 40. A mulmula nama, a jefa shi cikin wata baƙar na'ura mai kama da bokiti, a murɗa maɓalli, sai ga boga cuku na dalala a gefenta. Duk mai leƙa TikTok ko Instagram ya ci karo da irinsa, kuma matasan Kankiya da Kusada ba a bar su a baya ba wajen kallo. Na'urar ita ce wadda 'yan kasuwa ke kira air fryer, wato mai suya da iska mai zafi, kuma yanzu ta fara shiga jerin kayan kicin ɗin amare tare da bilenda da tukunyar dafa shinkafa.

Sai dai akwai abubuwa biyu da bidiyon ba ya nunawa: irin wutar da na'urar ke buƙata, da irin zafin da ya wajaba cikin naman ya kai kafin a ci. Wanda ya yi sakaci da na farko zai iya ƙona janareto ko ya ajiye na'urar ta zama kayan ado. Wanda ya yi sakaci da na biyu kuwa, cikinsa ne zai biya.

Yadda take aiki

Duk da sunanta, na'urar ba suya take yi irin ta kasko da mai ba. Ƙaramin oben ce. A samanta akwai ƙarfe mai ɗaukar zafi irin na hita, bisansa kuma fanka mai ƙarfi da ke hura iskar ta zagaya abincin da ke cikin kwando mai huji-huji. Kamfanin Philips ne ya fito da ita fili a baje kolin kayan lantarki na IFA a birnin Berlin na Jamus a shekarar 2010, bisa ƙirar wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij.

Iskar da ke kaɗawa da sauri tana busar da bayan nama, ta sa ya yi ja ya yi ƙamshi. Wannan sauyin shi ne wanda masanin kimiyyar Faransa Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma shi ne dai ke ba tsire da balangu launinsu a bakin wuta. Saboda cikin na'urar ƙarami ne, tana ɗaukar zafi cikin minti 3, boga kuma ta gasu cikin minti 10 zuwa 12.

Ba ta cin yunit da yawa, amma tana jan wuta da ƙarfi

Nan ne masu saye da yawa ke ruɗewa. Yawancin na'urorin da ke kasuwa suna jan wat 1,200 zuwa 1,800. Idan aka ɗauki mai wat 1,500 aka kunna ta minti 20, abin da za ta ci bai wuce rabin yunit ba. Ko a farashin rukunin Band A, wanda shi ne mafi tsada tun bayan ƙarin da hukumar NERC ta yi a watan Afrilun 2024, inda yunit ya haura naira 200, kuɗin wutar gasa boga huɗu bai fi naira ɗari da 'yan kai ba. Ta fuskar mita dai, na'urar ba ta da tsada.

Matsalar ita ce tana son wannan ƙarfin gaba ɗaya a lokaci guda. Kankiya da Kusada suna ƙarƙashin kamfanin KEDCO ne, mai raba wuta a jihohin Kano, Katsina da Jigawa, kuma kamar sauran garuruwan Arewa, gidaje da yawa sun saba da haɗa wutar gwamnati da janareto ko sola. Ba a manta da ƙarshen watan Oktoban 2024 ba, lokacin da lalacewar manyan layukan dakon wuta ta bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda. Don haka tambayar farko kafin a biya kuɗi ita ce: da me za a kunna ta?

Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda masu cajin waya da masu aski ke amfani da shi, ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba. Da an jona masa na'urar zai shaƙe ya mutu, idan aka matsa masa kuma koyil ɗinsa ya ƙone. Ana buƙatar janareto mai aƙalla kVA 2.5, kuma a kashe dutsen guga da hita kafin a kunna.

Masu sola ma su yi lissafi. Inbata mai kVA 1 ba za ta ɗauke ta ba. A tsarin batiri mai bolt 12, wat 1,500 na nufin jan sama da amfiya 125, abin da ke gajiyar da batiri da wuri. Mai inbata babba, ta kVA 2.5 zuwa sama, gara ya yi gashinsa da tsakar rana lokacin da faifan sola ke kawo wuta, ya bar batiri ya huta don dare.

Sai kuma wutar da ke zuwa ba ƙarfi. An ƙera na'urar ne don bolt 220 zuwa 240. Idan wuta ta faɗo zuwa bolt 180, mai wat 1,500 za ta koma ba da zafin kusan wat 920 kacal. Fanka za ta yi ta juyawa, agogo ya buga cewa lokaci ya cika, amma cikin naman bai nuna ba. A irin wannan rana kada a dogara da mintocin da aka gani a bidiyo.

Abu na ƙarshe a wannan ɓangare: a duba takardar da ke manne a ƙasan na'urar, musamman idan ta gwanjo ce. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 take amfani da shi, kuma jona ta kai tsaye a wutar Najeriya zai ƙona ta nan take. A kuma jona ta a soket ɗin bango, ba a siririyar wayar nan mai baki da yawa da ake cajin waya da ita ba, domin tana iya yin zafi ta narke.

Nama: a nan aka fi masu bidiyon

Abin da ba a rasa ba a wannan yanki shi ne nama mai kyau. Ga mahauta a Kankiya da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, ga kasuwar dabbobi ta Charanchi a maƙwabta. Sai dai boga tana son kitse, kusan kashi 20 cikin 100, shanun kiwo kuwa tsokarsu ba ta cika kitse ba. Idan aka yi da zallar tsoka, iskar na'urar za ta busar da ita ta yi tauri. Maganin shi ne a ce wa mahauci ya haɗa giram 400 na tsoka da giram 100 na tozo ko kitse. Wannan rabin kilo zai ba da boga huɗu.

Wajen niƙawa, a guji kai ɗanyen nama injin markaɗen unguwa, inda ake zuba wake da tattasai da gero ɗaya bayan ɗaya. Gara a sa mahauci ya daddatsa shi ƙanana da wuƙa, a ƙarasa a gida a kan katako mai tsabta, ko a ɗan daka a wankakken turmi, ko a yi amfani da ƙaramar na'urar niƙa nama.

Digiri 71

Mutumin da ya saba cin balangu mai ɗan ja a ciki zai iya ɗauka boga ma haka take. Ba haka ba ne. A dunƙulen nama, ƙwayoyin cuta a bayansa suke zama, wuta kuma ta kashe su. Da zarar an niƙa, abin da ke waje ya koma ciki. Shi ya sa ma'aikatar gona ta Amurka ta ƙayyade cewa tsakiyar niƙaƙƙen naman sa ya kai digiri 71 a ma'aunin Salshiyos. Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu a 1993, lokacin da bogar da ba ta gasu sosai ba a gidajen abincin Jack in the Box ta kwantar da mutum sama da 700 da ƙwayar E. coli, yara huɗu suka rasu.

Launi ba ya isa shaida, domin nama na iya yin ruwan ƙasa alhali bai kai wannan zafin ba. Ɗan ƙaramin ma'aunin zafin abinci mai tsinke, wanda ake samu a shagunan kayan kicin da na intanet, shi ne abokin tafiyar wannan na'ura. Wanda ba shi da shi ya yi bogarsa sirara, ya tsaga ɗaya ya duba, ya ƙara minti biyu idan yana shakka.

A kuma tuna da zafin gari. Ƙa'idar masana abinci ita ce kada ɗanyen nama ya wuce awa biyu a waje, awa ɗaya kuma idan zafi ya haura digiri 32. A Katsina a watan Afrilu da Mayu zafi kan kai digiri 40. Gidan da firji bai da tabbas, a sayo nama a gasa shi a lokacin.

Cukun da ke narkewa

Ba kowane cuku ke narkewa ba. Busasshen cukun da ake kawowa daga Nijar yana da daɗi da shayi, amma ba zai dalala a kan boga ba. Awara kuwa ta waken suya ce, ba cuku ba. Wanda ake gani a bidiyo shi ne mai yanka-yanka a leda, wanda ake yi da sarrafaffen cuku irin wanda James L. Kraft ya yi wa rajistar mallaka a Amurka a 1916. Ana sarrafa shi ne yadda zai narke sumul ba tare da mai ya rabu da shi ba. An fi samun sa a manyan kantunan Katsina da Kano, kuma yana buƙatar sanyi, don haka a sayi ƙaramin ƙunshi da za a cinye da wuri.

Yadda ake yi

A zuba wa naman gishiri, masoro, ɗan tafarnuwa da yajin tsire idan ana so. A cakuɗa sama-sama, kada a murje shi kamar kwaɓin fulawa. A raba huɗu, a baje kowanne da kaurin da bai wuce santimita 2 ba, a ɗan danna tsakiyarsa da babban yatsa don kada ya kumbura.

A kunna na'urar a digiri 190 ta yi minti 3 babu komai a ciki. A zuba cokali biyu na ruwa a ƙarƙashin kwandon, domin kitsen da ke ɗiga kada ya yi hayaƙi. A jera naman ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba. Bayan minti 6 a juya, a ƙara minti 5, sannan a auna.

Cuku shi ne na ƙarshe, kuma a nan sababbin shiga ke yin kuskure. Idan aka ɗora shi fanka na juyawa, iska na iya ɗage shi ta manna a jikin ƙarfen da ke sama. A kashe na'urar, a ɗora cukun, a mayar da kwandon ya yi minti ɗaya. Zafin da ya rage ya isa.

Idan babu zagayayyen burodin boga a gari, gurasa ta wadatar, kuma tana riƙe romon nama fiye da burodi mai laushi. A tsaga ta, a ɗumama minti ɗaya a na'urar, a sa tumatir, albasa da latas ko kabeji da aka wanke da ruwa mai tsabta.

Bayan an gama, a bari kwandon ya huce, a wanke shi da soso mai laushi. Soson ƙarfe da cokali mai yatsu suna kankare rufin da ke hana abinci kamawa. Kada kuma a shimfiɗa takarda a ciki ba tare da abinci ya danne ta ba, domin iska za ta kai ta ga ƙarfen ta kama da wuta.

To, a saya ko a haƙura?

Amsar tana ga wutar gidan. Mai samun wuta mai ƙarfi ko na 'yan awoyi ne a rana, ko mai babban janareto ko babbar inbata, zai more ta, kuma ba boga kaɗai ba: kaza, kifi, dankali da awara duk tana gasa su da ɗan mai kaɗan. Mai cin lita 4 zuwa 5 ta ishi ƙaramin gida.

Wanda kuwa ƙaramin janareto ne gatansa, kada bidiyo ya ruɗe shi ya zuba kuɗinsa. Wannan haɗin naman, da wannan gurasar, da wannan cukun za su ba da boga mai daɗi a kasko a kan gas ko gawayi, minti 4 zuwa 5 kowane gefe. Sharaɗin dai bai canja ba: tsakiyar naman ta kai digiri 71.