Gwajin Ban Ruwa a Kadawa

Kakanninmu da jigo suke ban ruwa a fadama. Jigo akwai cin ƙarfi, kuma lambu kaɗan yake shayarwa.

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Kano. Ruwanta ya kai Kadawa, ana noman alkama da tumatir da rani. Amma mu lura, ruwa in ya yi yawa yakan kwanta a gona, ya jawo gishiri sama, ƙasa ta mutu.

Don haka malaman gona na Samaru suke da gonar gwaji a Kadawa. Suna auna ruwan da zai ishi kowace shuka. Gwaji ɗaya yakan ci shekaru, ga albashi, ga kayan awo. Da kuɗinmu na jama'a gwamnati take biya. In kuɗi ya yanke a tsakiya, wahalar baya ta tafi a banza.