Kayan Zoɓo Da Kunu: Gani Ya Kori Ji

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini in ja hankalin 'yan'uwa masu sana'ar zoɓo da kunun zaƙi.

Yanzu yaranmu sun ɗauko sabon salo, wai odar citta da kanumfari da busasshen zoɓo ta intanet. Hoto kawai za ka gani, ka tura kuɗi, ka ƙara na mota, sannan ka zauna jira. To jama'a, hoto yana ƙamshi ne? A kasuwar Birnin Kudu ko ta Sara kuwa, za ka karya citta ka shinshina, ka damƙi zoɓo ka ji ko ya bushe, a auna maka kwano a gabanka. In kuɗinka ya gaza, mai kaya ya san gidanku, sai ya ɗaga maka ƙafa zuwa kasuwa mai zuwa.

A 2023 da cuta ta cinye gonakin citta a kudancin Kaduna, kowa ya ga yadda farashinta ya yi tashin gwauron zabi. Mace mai jarin kwano biyu, in aka aiko mata ruɓaɓɓiya sau ɗaya, shi ke nan ta karye, kuma ba ta san wanda za ta kama ba. Shi kuwa zoɓo, a nan Jigawa ake noma shi har ana kaiwa ƙasar Meziko. Ina dalilin nemansa a waya?

Waya tana da ranarta: a tambayi farashin Dawanau da ita kafin a fita ciniki. Amma kaya dai a taɓa da hannu. Allah Ya sa mu dace.

Daga wani manomi,
Kangire, Ƙaramar Hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa.