ƘARANCIN JINI: CIWON DA KE CIN MUTUM YANA TSAYE

Duk wanda ya san tarihin fatauci a ƙasar Hausa ya san sunan Awe, garin gishiri da ke cikin Jihar Nasarawa. A yau galibin mutanen wannan yanki manoma ne, waɗansu kuma masunta ne a bakin Kogin Binuwai. Mutanen da ke ci da ƙarfinsu kuwa ba abin da ya fi yi musu ɓarna kamar ciwon da ke rage ƙarfi a ɓoye, watau ƙarancin jini.

Abin da likitoci ke nufi shi ne raguwar sinadarin himogulobin, wanda ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, yana ɗaukar iska daga huhu zuwa sassan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa idan ya kasa giram 13 a kowace desilita ga namiji, ko 12 ga mace, ko 11 ga mai ciki a farkon cikinta, to, jini ya yi ƙaranci. Binciken lafiyar jama'a da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da kashi 58 na mata masu shekarun haihuwa, suna fama da shi.

Alamominsa su ne kasala, da jiri, da haki, da bugun zuciya, sa'an nan tafin hannu da cikin fatar ido su yi fari. Ga mai ciki abin ya fi haɗari, domin jinin da za ta zubar wajen haihuwa, wanda mai lafiya za ta jure, yana iya zama ajalinta.

SAI BANGO YA TSAGE

Ƙarancin jini ba ya zuwa haka kawai, dole akwai abin da ya buɗe masa ƙofa. A wuri mai fadama irin Awe, na farko shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda ke farfasa ƙwayoyin jini. Na biyu tsutsar ciki ce mai shiga ta tafin ƙafar mai yawo ba takalmi, ta maƙale a hanji tana tsotsar jini. Akwai kuma tsargiya, da rashin sinadarin ƙarfe a abinci, da haihuwa kusa da kusa, da amosanin jini da ake gado.

Saboda haka kuskure ne mutum ya sayi kwalbar maganin ƙarin jini a kemis ba tare da awo ba. Wanda tsutsa ke tsotsa, kamar mai zuba ruwa ne a tulu mai huji. Mai amosanin jini kuwa ƙarin ƙarfe na iya cutar da shi. Haka nan jan launin zoɓo ba ya mai da shi jini.

HANYAR MAGANI

Matakin farko shi ne awon jini a asibiti, domin a gano tushen ciwon. Idan ƙarfe ne ya kasa, akan ba da ƙwayoyi, a ci gaba da sha kamar wata uku bayan jini ya daidaita. Sukan mai da bayan gida baƙi, wannan ba abin tsoro ba ne. Hanta, nama, kifi, wake da zogale duk suna taimakawa. Lemo na ƙara wa jiki karɓar ƙarfe, shayi a kan abinci kuwa yana rage shi. Idan abin ya yi tsanani sai a yi ƙarin jini.

Wajibi ne magidanta su bar matansu su je awon ciki tun da wuri, inda ake ba su ƙwayoyin ƙarfe da maganin rigakafin zazzaɓi. A kwana cikin gidan sauro, yara su sa takalmi, masu niyyar aure kuma su yi gwajin jini kafin a kai ga sa rana.