Haihuwa Bayan Arba'in: Dokar Yawunde da Matan Kuseri

A ranar 14 ga Yulin 2022 Shugaba Paul Biya ya sa hannu kan dokar da ta tsara yadda likitoci za su taimaka wa ma'auratan da haihuwa ta gagara a Kamaru. Dokar ta buɗe wa mace ƙofa daga shekara 21 har zuwa 55. A garin Kuseri na yankin Arewa Mai Nisa, inda 'yan mata da yawa ke shiga ɗakin miji kafin su cika ashirin, mai shekara 55 kaka ce, wata ma har ta aurar da jika. Ka ce wa irin wannan Hajiya hukuma ta yarje mata ta ɗauki ciki, sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta ce, "Ni da surukai cike da gida?"

Ba kowace ce za ta yi dariya ba. Babu unguwar da ba ta da macen da ta shekara ashirin ko talatin a gidan miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sha sassaƙe, ta sha rubutu, ta haye gadar Ngeli zuwa asibitocin Njamena, an yi mata kishiya, an ƙara, ta yi renon 'ya'yan kishiyoyin, ranar da faɗa ya haɗa su kuma aka goranta mata. Wannan ita ce ke kasa kunne idan aka ce wata mai shekara hamsin da ɗoriya ta haihu a Yawunde.

Kuma ana haihuwar. Tun 1998 Dakta Ernestine Gwet Bell da abokan aikinta suka karɓi jaririn farko da aka samu ta hanyar dashen ciki a Duwala, shekara ashirin bayan haihuwar Louise Brown a Ingila, wadda da ita aka buɗe wannan babi a duniya. A 2016 aka buɗe cibiyar dashen ciki ta CHRACERH a Yawunde ƙarƙashin Farfesa Jean Marie Kasia, kuma daga nan ne labaran matan da suka haura hamsin suka rungumi jarirai suka riƙa fitowa a talabijin, suna yawo a WhatsApp har bakin kogin Logon. Abin da labaran ba su cika faɗi ba shi ne ƙwan wace ce aka dasa.

Ana haihuwar 'ya mace da duk ƙwayayen haihuwar da za ta mallaka a rayuwarta, tsakanin miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun ragu zuwa wajen 300,000 ko 400,000, kuma kullum raguwa suke, ko ta yi aure ko ba ta yi ba. Daga shekara 35 raguwar na ƙara sauri, waɗanda suka saura kuma sun tsufa tare da mai su. Tsohon ƙwai ya fi saurin yin kuskure wajen raba ƙwayoyin gado, shi ya sa ɓari ke yawaita. A wajen shekara 45 kimanin rabin cikin da aka samu zubewa yake. Larurar da likitoci ke kira Down, mai jinkirta girman ƙwaƙwalwar yaro, takan sami kamar jariri 1 cikin 1,200 idan uwa na da shekara 25, amma 1 cikin 100 a shekara 40, da 1 cikin 30 a shekara 45. Tsakanin 45 da 55 al'ada kan ɗauke gaba ɗaya.

Mahaifa kuwa ba ta saurin tsufa haka. Idan aka ba mace magungunan da ke kwaikwayon sinadaran al'ada na 'yan makonni, bangon mahaifarta kan yi kauri ya karɓi ɗan tayi ko da jini ya daɗe da ɗauke mata. To wannan shi ne sirrin. Macen da ta wuce 44, idan da ƙwanta aka yi dashen, damar ta rungumi jariri a gwaji ɗaya ba ta kai 5 cikin 100 ba. Wadda al'adarta ta ɗauke kuwa babu ƙwan da za a ɗiba. Don haka kusan duk haihuwar da ake shela a kanta bayan hamsin, ƙwan wata matashiya ne aka haɗa da maniyyin miji a ɗakin gwaji, aka dasa wa matar.

Dokar 2022 ta halatta wannan kyautar ƙwai, da sharaɗin ba sayarwa ba ce, kuma ba a bayyana sunan mai bayarwa. Ta kuma haramta ɗaukar hayar mahaifa. Amma Kuseri gari ne da mafi yawan mutanensa, Kotoko da Larabawan Shuwa da Barebari da Hausawa da Fulani, Musulmi ne, kuma malaman Sunna sun daɗe da yanke magana. Fatawar Shaihu Jadul Haƙƙ ta Masar a 1980, da matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Amman a 1986, duk sun tafi a kan abu ɗaya: dashen ciki halal ne matuƙar ƙwai na matar ne, maniyyi na mijinta, aure kuma yana nan, da zarar mutum na uku ya shigo, nasaba ta rikice, abu ya haramta. Iran ce ta bi wata hanya bayan fatawar Ayatullahi Khamenei a ƙarshen shekarun 1990. Ke nan shekaru goman ƙarshe da dokar Kamaru ta ba mace, daga 45 zuwa 55, galibi shekaru ne da Musulmar Kuseri ba za ta ci moriyarsu ba sai ta tsallake abin da malamanta suka ce.

A ganina nan ne nauyin yake, fiye da lissafin shekaru. Mace baliga mai hankali tana da haƙƙin ta auna lamarinta tsakaninta da Ubangijinta, kuma Kiristocin garin suna da nasu ma'aunin. Abin da ba shi da uzuri shi ne a bar ta cikin duhu. Matar da ba ta jin Faransanci, aka miƙo takarda mijinta ya karanta shi kaɗai, ya ce mata, "Sa hannu nan, magani ne za su ƙara miki," ba ta yarda da komai ba, ko da ta dangwala yatsa. Wajibin likita ne ya nemi tafinta ya gaya mata da Larabcin Shuwa ko Hausa ko Fulatanci cewa ƙwan ba nata ba ne. Haka kuma wajibinsa ne ya gaya wa mai shekara 46 da ta dage sai da ƙwanta cewa damar 'yar kaɗan ce, kafin ta sayar da sarƙar zinarenta da shanun gadonta. Gwaji ɗaya ya haura sefa miliyan guda, ban da kuɗin mota ta Dabanga da Mora zuwa Marwa, a wuce Garwa zuwa Ngawundare, a kwana a jirgin ƙasa, a kama ɗaki a Yawunde na makonni ana shan allura kullum.

Sai maganar da kowa ya fi saurin kawowa: wa zai reni yaron? Tambaya ce ta gaskiya. Maria del Carmen Bousada, 'yar Sifen, ta rage shekarunta a wani asibitin Amurka, ta haifi tagwaye a Disambar 2006 tana da shekara 66, ta rasu a 2009 yaran ba su cika uku ba. A Indiya, Erramatti Mangayamma ta haifi tagwaye a 2019 ta haura saba'in, mijin ya rasu shekara ta zagayo. A 2021 ƙasar ta kafa doka ta tsayar da mace a shekara 50, namiji a 55. A Legas ma Margaret Adenuga ta haifi tagwaye a 2020 tana da shekara 68, Safina Namukwaya ta Yuganda kuma a 2023 tana da 70. Mu nan muna da riƙo, muna da goggo da inna da kawu, yaro ba ya rasa inda zai kwana. Sai dai duk wanda ya ga yadda maraya ke zama a hannun matan uba, ko yadda ake kallon ƙaramin magajin da ya zo a makare ya rage wa manya rabo, ya san wurin kwana ba shi ne reno ba.

Amma mu yi adalci. Dattijo mai shekara saba'in ya auri 'yar ashirin, a yi suna, a yanka rago, a ce Alhaji da sauran ƙarfi. Babu mai tambayarsa ko zai ga ranar da yaron zai sauke Alƙur'ani. Idan tsoron maraici ne hujjar hana tsohuwa, to hujjar ta hau kansa shi ma. Kuma sau da yawa shi ne ma sanadin jinkirin. Likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin ma'auratan da ba su samu haihuwa ba, akwai matsala daga ɓangaren namiji, amma miji kan shekara goma yana tura mata asibiti shi bai taɓa ba da nasa an auna ba. Macen da aka duba tana da shekara 28, aka gano toshewar bututun mahaifa sakamakon ciwon sanyin da ba a magance ba, da ƙwanta za a yi mata aiki, babu rikicin fatawa. Ita ce dai aka ja wa rai har ta kai 47.

(Iyakar 55 ɗin ma takarda take bi, alhali a yankin Arewa Mai Nisa mata da yawa ba su da takardar haihuwa, wasu kuma shekarun da ke jikin katinsu ƙiyasin ma'aikaci ne.)

Duk wannan mahawara ta shafi mata 'yan ƙalilan masu halin zuwa Yawunde. Masu haihuwa da girma a Kuseri galibinsu ba su nemi likita ya ba su ciki ba. Je ka layin awo da safe, ka ga mata jere a kan benci, kowace da katinta a cikin leda. Ma'aikaciya ta ɗaura wa wata abin awon jini a dantse, ta tambaye ta, "Mama, ciki na nawa ke nan?" Ta ce, "Na goma, 'yata, ban da ɓari biyu." Ƙafafunta sun kumbura har silifa ya shata mata layi, kuma ba ta zo ba sai da cikin ya shiga wata bakwai, don 'yarta ta fari na goyo, kunya ta hana ta a gan ta a layi ɗaya da sa'o'in 'yar. Binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna macen Kamaru kan haifi 'ya'ya 4.8 a matsakaici, a Arewa Mai Nisa kuwa kusan 6, kuma mata 406 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000 a ƙasar. Shekaru da yawan haihuwa idan suka haɗu, haɗarin ninkuwa yake: hawan jini mai kaiwa ga jijjiga, ciwon suga na masu ciki, mabiyiya ta tare ƙofar mahaifa, jariri ya kwanta a gicciye, sannan mahaifar da ta gaji ta kasa tsukewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle.

Ita wannan ta layin awo babu mai kiran taro a kanta, don ana ganin cikinta na Allah ne, na waccan mai dashen ciki kuma na likita. Mutane kan kawo labarin matar Annabi Zakariyya da Saratu matar Annabi Ibrahim, waɗanda aka yi wa bushara da ɗa bayan tsufa. Gaskiya ne, amma mu'ujiza ce, ba a kafa ta hujjar barin mace mai hawan jini ta ɗauki ciki na goma sha ɗaya ba tare da an zauna da ita ba. Malamai da dama sun yarda da tazarar haihuwa idan lafiyar uwa na cikin haɗari. Matsalar ita ce a gidan da kishiyoyi ke ƙidayar 'ya'ya saboda rabon gado, wadda ta fara tsayawa gani take ta yi asara, miji kuma ba ya zuwa awo balle ya ji abin da aka ce.

Kuɗi ba shi ne babban shinge ba yanzu. Tun 2015 aka kawo shirin cekin lafiya a yankunan arewa uku, inda mai ciki ke biyan sefa jaka shida ta samu awo, hoton ciki, haihuwa, har da tiyata idan ta kama, da kulawa har kwana 42 bayan haihuwa a asibitocin da ke cikin shirin. Abin da cekin ba ya saya shi ne lokaci. Macen da ta haura arba'in bai kamata ta yi naƙuda a ɗaki hannun ungozoma ba, ko da ta haifi tara a can lafiya. Wadda ke ƙauyukan Gulfe ko Makari, inda damina kan yanke hanya idan Logon da Shari suka cika, gara ta tare a Kuseri wajen dangi tun watan haihuwa bai tsaya ba, kusa da asibitin da ke da ɗakin tiyata. Kuma a tanadi mutum biyu ko uku cikin 'yan'uwa da aka auna jininsu tun da wuri, domin idan jini ya ɓalle da tsakar dare, dangi ake fara tambaya su bayar.