Koyon nutso a gaɓar Gabashin Afirka: Abin da ya kamata ka sani kafin ka goya tukunyar iska

Daga Watamu da Diyani na ƙasar Kenya, a bi ta Tanga da Darus Salam, a hau jirgin ruwa na kimanin awa biyu zuwa Zanzibar, akwai wata hanya da matasa masu yawon buɗe ido da jakar goyo suka mayar tasu. Motar haya suke hawa, su kwana a masauki mai araha, su ci shinkafa da kifi a bakin Tekun Indiya. Kusan duk garin da ka sauka a wannan gaɓa, za ka ga shago da allo yana cewa cikin kwana uku ko huɗu za a koya maka nutso ƙarƙashin teku da tukunyar iska, a ba ka shaida. Idan kana shirin irin wannan tafiya, ko ɗanka da ke karatu a waje ya bugo waya yana neman kuɗin kwas ɗin, akwai abubuwan da suka shafi lafiya da ya kamata a sani tun kafin a biya ko sisi.

Ba ƙarya allon ya yi ba. Tun da Jacques Cousteau da Emile Gagnan na Faransa suka ƙera na'urar shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa a 1943, abin ya yi ta sauƙi har ya zama na kowa. Ƙungiyar PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ce ta fi yawan makarantu a duniya, akwai kuma irin su SSI. Kwas ɗin farko kashi uku ne: karatu, atisaye a kwamin wanka ko ruwa marar zurfi, sai nutso huɗu a teku. Kafin a ba ka shaida sai ka yi iyo na mita 200 ba tsayawa, ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Shaidar tana ba ka damar sauka zuwa mita 18. Tukunyar da za ka goya kuwa iskar da muke shaƙa ce aka matse a ciki, kashi 21 cikin ɗari oksijin, kashi 78 naitirojin.

Abin da za ka gani a ƙasa ya cancanci wahalar. A Watamu, wadda aka mayar gandun kare halittun ruwa tun 1968, da kewayen tsibirin Mnemba na Zanzibar, akwai duwatsun murjani, kififiya da kifaye masu launi iri-iri. Komai zai yi maka girma da kusan kashi ɗaya cikin uku saboda tabarau ɗin da ke fuskarka, jan launi kuma yana dusashewa da zarar ka yi ƴan mitoci ƙasa.

To, amma ruwa yana da nauyi, kuma a nan maganar lafiya take. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukkan iskar da ke samanmu a doron ƙasa. Wato a mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 20 ya ninka uku. Wurin da za ka fara jin haka shi ne kunne. Ruwa zai danno dodon kunnenka ciki, sai ka toshe hanci ka hura a hankali don iska ta shiga ta daidaita shi, kuma tun kafin ka ji zafi ake yi, a kai a kai. Idan ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake gwadawa. Dagewa da ƙarfi na iya fasa dodon kunne. Shi ya sa mai mura ba ya nutso. Wasu kan ɗiga maganin buɗe hanci don kada kuɗinsu ya tafi a banza. Idan maganin ya sake su suna ƙasa, iskar da ke cikin kunne za ta rasa hanyar fita lokacin hawowa, zafin kuma ba kama hannun yaro.

Doka ta farko da malami zai maimaita maka har ka gaji ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Wanda ya taso a bakin kogi zai ga abin banbaraƙwai, don masuntan Argungu da numfashi a riƙe suke nutso. Bambancin shi ne su a sama suka cika huhunsu, iskar ta matse da suka sauka, ta dawo daidai da suka hau. Kai kuwa a ƙasa kake cika huhunka da matsattsiyar iska. Idan ka cika shi a mita 10, ka riƙe ka taso, iskar za ta kumbura ta ninka biyu. Huhu zai iya yagewa, kumfar iska ta shiga jini ta toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Ko daga zurfin mita ɗaya ko biyu hakan na iya faruwa. Mafi yawan lokuta firgita ce ke jawo shi: ruwa ya shiga tabarau, mutum ya rikice, ya yi sama da gudu. Saboda haka atisayen cire tabarau da mayar da shi a ƙarƙashin ruwa, wanda ɗalibai suka fi ƙi, shi ne wanda bai kamata a yi maka sassauci a kansa ba. Malamin da ya ce ka wuce alhali ba ka iya ba, cutarka ya yi.

Haɗari na biyu na naitirojin ne. Muddin kana ƙasa, yana narkewa cikin jini da tsoka. Ka tuna kwalbar lemo: a buɗe a hankali iskar ta fita salin-alin, a buɗe farat ɗaya ta yi kumfa. Haka jikinka yake. Don haka ake hawowa sannu a hankali, a kuma tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Idan kumfar ta taru, alamunta su ne ciwon gaɓoɓi musamman kafaɗa da gwiwar hannu, gajiya mai tsanani, jiri, ƙuraje ko ƙaiƙayi, mutuwar wani sashe na jiki, har da kasa yin fitsari. Yawanci suna bayyana cikin ƴan awoyi, wani lokaci sai an kusa kwana. A nan ne al'adarmu za ta iya cutar da mu, domin mun saba duk ciwon jiki da kasala mu ce zazzaɓin cizon sauro ne, mu haɗiyi farasitamol mu kwanta. Bayan nutso kada ka yi haka. Ka sanar da malaminka nan take, a kwantar da kai, a sa maka tsantsar oksijin, a nemi likita. Maganinsa na asali wani ɗaki ne na ƙarfe da ake rufe majinyaci a ƙara masa matsin iska, kuma ba kowane gari ke da shi ba.

Kafin a fara kwas za a miƙo maka takardar tambayoyin lafiya. Wasu ɗalibai kan raɗa wa juna cewa a amsa "a'a" a ko'ina don kada a tura mutum wajen likita. Kada ka biye musu. Mai farfaɗiya, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa, da mai ciwon zuciya, takardar don su aka yi ta. Mai asma, ciwon sukari ko hawan jini kuwa sai likita ya duba shi ya sa hannu. Ke kuma mai juna biyu, ko wadda ke zaton ta samu, ki haƙura sai kin haihu, domin huhun uwa yana tace ƙananan kumfa daga jininta, jinin ɗan tayi kuwa ba ya bi ta huhunsa.

Abin da ya fi shafarmu shi ne sikila. A Nijeriya ana haifar jarirai kimanin 150,000 da wannan cuta duk shekara, amma malamin nutso da ya saba da ɗalibai daga Turai zai iya mantawa da ita gaba ɗaya. Sanyin ruwa, ƙarancin ruwa a jiki da aikin ƙarfi duk suna tayar da ciwon, kuma ciwon ƙashin sikila yana kama da na kumfar naitirojin har a kasa bambancewa. Mai rukunin jini SS ba ya nutso da tukunya. Mai AS ya je ya ga likita tun a gida, ya tafi da takardarsa. Idan ba ka san rukunin jininka ba, gwajin ba shi da tsada, ka yi shi kafin ka sayi tikiti. A wannan ziyarar ka tambayi likita game da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, don akwai sauro a gaɓar. Irin su meflokwin kan sa jiri, wanda ba a son sa ga mai nutso. Kada kuma ka manta da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a iyaka.

Tafiyar jakar goyo kanta tana ƙara haɗarin. Mutum ya kwana a mota, ya yi fama da gudawa saboda abincin hanya, rana ta dake shi, washegari ya faɗa teku da jiki a bushe. Ka huta kwana ɗaya, ka sha ruwa sosai. Idan kana azumi, ka ɗage kwas ɗin zuwa bayan Sallah.

Wajen zaɓen makaranta, araha ba ta ado. Ka tambayi ɗalibai nawa ke hannun malami ɗaya. Ka ce a nuna maka tukunyar oksijin ta gaggawa da ke cikin kwalekwalen, a kuma gaya maka inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake. Ka shinshina iskar tukunyarka, in ka ji warin mai ko hayaƙi ka ce a canja. Ka duba ko inshorar tafiyarka ta haɗa da nutso, don da yawa ba su haɗa ba. Iyaye kuma su sani ana karɓar yara daga shekara 10, amma ƴan 10 da 11 ba sa wuce mita 12, kuma yaron da ba zai iya gaya wa babba "kunnena na ciwo, mu tsaya" ba, lokacinsa bai yi ba.

Saura maganar komawa. Matsin iska a cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, yana kama da na kan dutse mai tsawon mita 2,400, saboda haka ragowar naitirojin na iya yin kumfa kana zaune a kujerarka. Ƙa'idar masana ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, kuma kwas ɗinka a rukuni na biyu yake. Hawa tudu a mota ma haka ne. Nairobi tana kan tudu mai kimanin mita 1,700, dutsen Kilimanjaro kuwa mita 5,895 ne. Idan yana cikin tsarin tafiyarka, ka fara da dutsen, sannan ka gangaro teku. Ranar ƙarshe a Zanzibar ka bar ta don yawon kasuwa da sayen kanumfari na tsaraba, jirginka ya tashi washegari.